Ina so in zama lauyan diyyar filaye, amma gida an ce kada in ja da gwamnati

Ranka ya daɗe Barista, ina gaisuwa. Ni matashin lauya ne, shekarata 3 da fitowa daga makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda. Ina aiki a ofishin wani dattijon lauya a Kano, kuma yawancin masu zuwa wurinsa mutanen da gwamnati ta karɓe wa gona ko gida ne don yin titi, layin dogo ko sabuwar unguwa. Aikin yana raina, domin ina sakandare aka karɓe gonar mahaifinmu, har Allah Ya yi masa rasuwa bai ga ko sisi ba. Yanzu wani banki a Abuja ya yi mini tayin aiki a sashensa na shari'a, albashin ya ninka abin da nake samu sau 4. Mahaifiyata ta ce in tafi, wai mai ja da gwamnati ba ya wanyewa lafiya. Ga wata kuma: mutanen wani ƙauye da titi zai bi ta gonakinsu sun same ni a gida, ba da sanin maigidana ba. Sun ce ba su da kuɗin lauya, amma in na tsaya musu za su ba ni fuloti 2 cikin waɗanda za a ba su. Don Allah wannan fanni yana da makoma? In tafi ko in zauna? Kuma in karɓi filin?

Ƙaninka a aiki, daga Kano.

Ƙanena, Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa abin da aka karɓe masa ya zama nauyi a mizaninsa.

Zan fara da maganar fulotin, don ita ce ba ta jira. Kada ka karɓa. Ƙa'idojin aikinmu sun hana lauya ya mallaki wani ɓangare na abin da ake shari'a a kansa. Abin da suka halatta shi ne a yi yarjejeniya a rubuce cewa in an yi nasara za a ba ka wani kaso na kuɗi wanda bai wuce hankali ba. Ko da ma babu wannan ƙa'ida, duba yadda abin zai kasance. Ranar da kake da fuloti a cikin rabon, ka zama ɗaya daga cikin masu rabo. In gwamnati ta kawo tayin kuɗi mai kyau maimakon filaye, da wane bakin za ka ba su shawara? In ta kawo tayin kashi-mu-raba, wato a yanka gonakin fuloti-fuloti a ba masu su wani kaso, kai ne za ka fi kowa son a sa hannu da wuri. Ko zuciyarka ta tsaya daidai, mutanen gari ba za su yarda ta tsaya ba, kuma a wannan aiki duk ranar da aka fara cewa lauya ya ci filin marayu, to an gama da sunanka a wannan masarauta. Sannan sun zo maka ta bayan maigidanka. Gobe da safe ka shiga ofishinsa ka gaya masa. Mai yiwuwa ya ce ka riƙe aikin a ƙarƙashin kulawarsa, wanda shi ne mafi alheri gare ka da su. In ya ji a bakin wani, abin da ya gina tsakaninku shekara 3 ya rushe.

To, batun ko fannin yana da makoma. Aiki kam ba zai ƙare ba a zamaninka. Bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano kilomita 614 ne. Layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, da aka aza harsashinsa a 2021, ya ratsa Jigawa da Katsina. Kano kanta kullum cin ƙauyukan da ke gefenta take yi. Duk taku ɗaya na waɗannan ayyuka a kan gonar wani yake sauka. Amma yawan aiki daban, samun abinci a cikinsa daban, kuma kafin ka yanke shawara ina so ka kalli dokar da za ka yi rayuwarka a cikinta ido da ido.

Ka san Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, aka kuma ɗaure ta a cikin kundin tsarin mulki ta yadda gyara ta sai an bi hanyar gyaran kundin. Mu a Arewa ba baƙuwa ba ce, don tun dokar Turawa ta 1910 da ta Jihar Arewa ta 1962 ƙasa tana hannun hukuma. Sashe na 1 ya damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin mutum saboda maslahar jama'a. Duk wannan ka karanta don jarrabawa. Abin da ba a jin zafinsa sai an tsaya gaban manomi shi ne sashe na 29. Dokar ba ta biyan kuɗin ƙasar kanta. Abin da ta tanada a kan ƙasa shi ne kwatankwacin kuɗin hayar da mutum ya biya wa hukuma a shekarar da aka soke, in ma ya biya. Sauran diyya ta abin da ke bisa ƙasar ce: gini, a ƙiyasta kuɗin sake yinsa a cire tsufansa, sai amfanin gona da itatuwa bisa farashin da jami'in gwamnati ya tsayar. Wato mutumin da ya gaji gona eka 5 tun kaka da kakanni, a bakin birni inda fuloti ɗaya ya kai miliyoyi, in aka zo ƙidaya da rani bayan ya girbe gero ya kwashe kara, a idon doka kusan babu abin da za a biya shi. Kai ne za ka zauna a kan tabarma ka gaya masa haka. Na yi shekaru ina yi, har yau ban saba ba.

Shi ya sa nake gaya wa duk yaron da ya zo koyon wannan aiki a wurina cewa ba a kotu ake cin wannan shari'a ba, a gona ake cin ta, ranar ƙidaya. Kuma da kuskurena na koyi haka.

Ina sabon lauya, wasu manoma suka zo mini za a yi hanya ta garinsu. Jinina yana tafasa, na ce musu kada wanda ya yarda a ƙirga masa komai, kotu za mu je mu tsayar da aikin baki ɗaya. Suka bi maganata. Jami'ai suka zo da fom ɗinsu da jan fenti, suka ƙirga na waɗanda suka fito, suka wuce. Kotu ba ta ba mu umarnin dakatarwa ba, domin da wuya alƙali ya tsayar da titin da kowa ke gani na jama'a ne. Kafin a sake zama, katafila ta bi ta kan komai. Akwai wata tsohuwa a cikinsu mai ɗorawa 7 da tsamiya 2 a gonar da mijinta ya bari. Da kalwar nan take yin daddawa, da ita ta aurar da 'ya'yanta mata. Da na koma garin sai ta kama hannuna ta kai ni wurin, tana nuna mini jar ƙasa da aka baje tana cewa nan ɗaya take, nan ma ɗaya. Babu kututture, babu hoto, babu sunanta a takardar kowa. Ba ta zage ni ba, cewa ta yi Allah Ya saka da alheri da ƙoƙarin da na yi. Shekara biyu na yi ina rubuta wasiƙu kafin aka saka ta a jerin waɗanda aka tsallake, abin da aka ba ta kuwa bai kai rabin haƙƙinta ba. Shawarata ce ta jawo mata.

Tun daga nan na sauya yadda nake aiki. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin, ko an ga safiyo yana kafa turaku, kafin jami'ai su zo mu mun riga mun yi tamu ƙidayar. Gona-gona muke bi da ƙwararren mai ƙiyasin kadarori, irin masu rajista da hukumarsu, domin rahotonsa ne kotu da ma'aikata za su saurara, ba lissafin lauya ba. Kowane mutum ya tsaya a cikin gonarsa a ɗauke shi hoto mai kwanan wata, a ɗauki lambobin wurin da waya. A ƙirga mangwaro, a bambanta wanda ya fara 'ya'ya da dashen bara, don farashinsu ba ɗaya ba ne. A rubuta rijiya da zurfinta, da rumbu, da danga, da turken dabbobi, da kuka da kanya da giginyar da mai gona kansa ba ya lissafawa cikin dukiya saboda ya tashi ya gan su. Ranar da jami'ai suka zo, kana tsaye, kowa ya ga abin da aka rubuta masa kafin ya dangwala yatsa, kuma a ɗauki hoton fom ɗin. Ka riƙa bin jadawalin farashin itatuwa da amfanin gona da jiha ke aiki da shi. Na tarayya ya zauna tun 2008 ba a taɓa shi ba sai a 2024 da Ma'aikatar Gidaje ta sabunta shi, kuma sau da yawa za ka tarar ana biyan mutane da tsohon lissafin da ko kuɗin dashe bai kai ba. Wannan duk aikin rana ne da ƙura da hawa babur, babu rigar lauya a ciki. In abin da ke burge ka a aikin lauya shi ne tsayawa gaban alƙali kana kawo hujja, ka sani wannan kaɗan ne daga abin da za ka riƙa yi.

Ba wai kotu ba ta da amfani ba. Tana da shi sosai, in ka san inda gwamnati ke yin tuntuɓe. Wuri na farko sanarwa. Doka ta ce sai an ba mai haƙƙi sanarwar sokewa, sashe na 44 kuma ya faɗi yadda za a isar da ita. Sanarwa a rediyo ko a bakin mai unguwa ba ta wadatar ba. Wuri na biyu dalili. A shari'ar Osho da Foreign Finance Corporation ta 1991, Kotun Ƙoli ta nuna cewa karɓe filin wani don a miƙa wa wani mutum ko kamfani ya yi harkarsa ba maslahar jama'a ba ce. A shari'ar Dantsoho da Mohammed ta 2003, wadda daga nan Kano ta taso, ta ce ba a ba wani sabuwar takardar mallaka a kan filin da ba a soke haƙƙin mai shi na farko ta hanyar doka ba. Ka riƙe sashe na 34 da na 36 da kyau, domin su ne garkuwar mutumin da ba shi da takarda ko ɗaya amma yana kan ƙasarsa tun kafin 1978: doka ta ɗauke shi tamkar wanda aka ba haƙƙi. Za a ce maka sashe na 47 ya hana kotu duba yawan diyya, sai dai a je kwamitin rabon filaye wanda gwamna ne ya naɗa shi. Amsarka tana sashe na 44 na kundin tsarin mulki na 1999, wanda ya wajabta biyan diyya ba da jinkiri ba, ya kuma ba mutum damar zuwa kotu a kan adadinta. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi wannan hanya tun 1986 a shari'ar Kanada da Gwamnan Jihar Kaduna. Sannan kullum ka tambayi da kuɗin wa ake aikin. In akwai hannun Bankin Duniya, ƙa'idarsu ta fi dokarmu tausayi nesa ba kusa ba: ana biyan cikakken kuɗin maye gurbin abu ba tare da cire tsufa ba, ana kuma lissafa wanda ke cin abinci a wurin ko ba shi da takarda. Lauyoyi da yawa ba su taɓa buɗe waɗannan takardu ba, alhali a fili suke a intanet.

Akwai abin da ya fi gwamnati wahalar sha'ani, shi ne mutanenka. Suna zuwa maka a matsayin gari guda, amma da an fara maganar kuɗi za ka ga ba haka ba ne. Ga mai gona da ke birni, ga wanda ya karɓi aronta yana nomawa shekara 20, shi ya dasa mangwaron. Ga gonar da ke jingina. Ga gandun da ba a raba gado ba tun rasuwar kaka, babban wa ya rubuta sunansa shi kaɗai, 'yan'uwa mata suna gidajen aurensu ba wanda ya gaya musu. Ga makiyayan da burtalinsu ya bi ta wurin, su da ba su da gini ba su da shuka, ba wanda ya ƙirga su. Doka kuma ta yarda a biya diyyar abin da ke na al'umma ta hannun shugabanta, kuma ba kowane dagaci ne ke tsoron Allah a kan irin wannan kuɗi ba, ko da yake na ga waɗanda suka tsaya tsayin daka har ya jawo musu fushin na sama. Saboda haka kada ka yarda da takardar wakilci guda da mutum uku suka sa wa hannu a madadin gari. Kowa ya sa nasa hannun, a karanta masa da Hausa a gaban shaidu, kason da za ka ɗauka yana rubuce. Ka nemi matan gidan ka ji daga bakinsu. Inda akwai rigimar gado, a kai kotun shari'ar Musulunci a raba kafin kuɗi su fito. Ka yi iya ƙoƙarinka kuɗin kowa ya faɗa asusunsa kai tsaye. In dole sai sun bi ta ofishinku, to asusun masu ƙara daban yake da naka, ko kwana ɗaya kada ka ranci naira daga ciki da niyyar mayarwa.

Yanzu batun abinci, don aure za ka yi, kuma akwai mahaifiya. Kuɗin wannan aiki a hankali suke zuwa, wani lokaci ba sa zuwa. Kana iya cin shari'a ka riƙe hukunci a hannu shekaru, domin sashe na 84 na dokar aiwatar da hukunci ya ce kafin ka taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da izinin Antoni Janar, wato lauyan wanda ka kayar. Gwamnati ta sauya, sabuwa ta ce ba ta san zancen ba. Duk wanda na sani ya daɗe a wannan fanni yana da abin da ke riƙe masa ofis a gefe: rubuta takardun cinikin fili, binciken fayil a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta Jihar Kano, kafin mutum ya saya, neman amincewar gwamna a kan sayarwa ko jingina, rabon gado. Waɗannan su ke biyan haya da man mota, su ne kuma ke koya maka ma'aikatar ƙasa ciki da waje. Bayan wasu shekaru, in sunanka ya yi kyau, masu manyan ayyuka da kansu za su neme ka ka tsara musu yadda za a biya mutane a sake tsugunar da su. Kada ka ɗauki wannan a matsayin cin amana. Lauya mai gaskiya a ɓangaren masu aiki yana iya hana zaluncin da lauyoyi goma ba za su iya gyarawa daga baya ba.

Aikin bankin ma ba abin kunya ba ne. In cefanen gidanku da karatun ƙannenka a wuyanka suke, kuma abin da kake samu yanzu ba ya kaiwa ƙarshen wata, ka tafi da zuciya ɗaya. Can ma takardun ƙasa za ka yi ta gani, kana iya dawowa da ilimi da ɗan jari. Amma in gida zai iya jurewa, ni a ganina ka ƙara shekara 2 a wurin maigidanka. Masu neman kujerar banki suna da yawa, masu iya zama da manomi su fahimci yarensa su kuma fahimci sashe na 29 kaɗan ne ƙwarai, kai kuwa ka riga ka fara. Ka gaya masa tayin da aka yi maka, ka nemi ya ƙara maka wani abu ko ya ba ka kaso a ayyukan da ka kawo. Ka sa wa kanka wa'adi, in ya cika ka zauna ka yi lissafi da idon basira.

Abu ɗaya nake ji maka tsoro, shi ne gonar mahaifinku. Ita ta kawo ka, kuma dalili ne mai kyau. Amma ka kula kada ka riƙa ganin fuskarsa a kowane mai ƙara har ka mayar da kowace shari'a ramuwa. Wani lokaci abin da ya fi wa manomi alheri shi ne sulhu a karɓi abin da ya samu bana, ya sayi wata gonar kafin damina, maimakon hukuncin da zai fito bayan shekara 10 yana kabari. Shi zai zaɓa, kai naka ka faɗa masa gaskiyar kowace hanya da tsawonta.

Maganar Hajiya kuwa, kada ka yi mata gardama, tsoronta yana da tushe. Mutanen zamaninta sun ji abin da ya faru a Bakolori a Afrilun 1980, lokacin da manoman yankin Talatar Mafara suka tare hanyoyi saboda gonakin da aikin dam ya cinye ba a biya su yadda ya kamata ba, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane da yawa. Abin da za ka fahimtar da ita shi ne aikinka shi ne kada a kai ga haka: mutane su sami mai rubuta musu, mai shiga ofis a madadinsu, tun kafin su ga babu abin da ya rage sai tare hanya. Ka yi mata alkawarin abin da za ka iya cikawa. Ba za ka jagoranci zanga-zanga ba, ba za ka zagi kowa a rediyo ko Facebook ba, ba za ka je filin da ake rigima kai kaɗai ko da dare ba, kuma duk shari'ar da ka ga hannun wani babba a ciki, da sunan ofis za a yi ta, ba da sunanka kai ɗaya ba. Ka roƙi maigidanka ya je ya gaishe ta, ta ga dattijon da ya yi shekaru a wannan aiki yana nan lafiya da iyalinsa. In bayan duk wannan ta ce ba ta yarda ba, ka bi maganarta ka tafi Abuja, filayen ba za su gudu ba.

Su kuma mutanen ƙauyen, ko ka zauna ko ka tafi, kada a kai ƙarshen makon nan ba ka aika musu ba. Ka ce kada wanda ya sare itace ko ya rushe danga, kada wanda ya sa hannu a farar takarda ko ya ba wani katin shaidarsa, kowa ya nemo duk wata takarda da ke nuna gonar tasa ce, ko da rasit ɗin haraji ne ko takardar ciniki ta mai unguwa. Kuma ranar da masu ƙidaya suka zo, kowa ya fito ya tsaya a cikin gonarsa.